Ya San Doka, Ya Kasa Binta: Abin da Yara Masu ADHD Ke Faɗi da Bakinsu

ADHD suna ne da likitoci suka ba wata larura ta ƙuruciya mai fuska uku: ƙarancin natsuwa, yawan motsi, da saurin aikata abu kafin a yi tunani. Wani yaron duka ukun yake fama da su, wani kuma rashin natsuwar ce kawai ta yi masa katutu. Littafin DSM-5, wanda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013, ya jera alamomi 18, tara na rashin natsuwa, tara na motsi da gaggawa. Ba a cewa yaro yana da larurar sai an ga aƙalla shida daga rukuni ɗaya, sun kai wata shida, sun fara kafin ya cika shekara 12, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma suna kawo masa cikas na gaske. A 2007 Guilherme Polanczyk da abokan aikinsa sun tattara bincike 102 daga sassan duniya, suka ƙiyasta cewa kusan yara 5 cikin 100 ke da ita. Wani nazarin na 2020 da ya duba Afirka kaɗai ya sami tsakanin 7 da 8 cikin 100. Ke nan a ajin da ke da ɗalibai 60 ba abin mamaki ba ne a sami uku ko huɗu.

Kusan duk abin da aka sani game da larurar daga bakin manya ya fito. A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan kan yara 43 da ya duba, ya ce matsalarsu tawaya ce wajen kame kai ta fuskar ɗabi'a. Tun daga nan uwa ce ke kawo kuka, malami ya kawo ƙara, likita ya yanke hukunci. Har yau takardun da ake auna larurar da su iyaye da malamai ne ke cike yawancinsu, yaron yana gefe yana jin ana lissafa laifuffukansa. Sai a shekarun baya-bayan nan masu bincike suka fara zama da yaran suna tambayarsu yadda abin yake daga ciki, kuma abin da suka ji ya sha bamban da abin da manya suka daɗe suna zato.

Tsakanin sani da aikatawa

A 2020 an buga wani nazari daga Jami'ar Stockholm ta Suwidin, da sunan Noam Ringer, wanda ya haɗa bincike 16 da aka yi hira da yara da matasa masu ADHD a cikinsu. Abin da ya fi yawan dawowa a maganganunsu shi ne jin cewa ba su da cikakken iko da jikinsu da tunaninsu. Yaron ya san ba a katse malami, ya san ba a tashi ana cikin darasi, idan aka tambaye shi dokar zai kawo ta tiryan-tiryan. Amma a lokacin da ake buƙatar dokar ta tsayar da shi, sai ta makara, bakin ya riga ya buɗe ko ƙafar ta riga ta miƙe. Russell Barkley, ɗaya daga cikin sanannun masana larurar a Amurka, ya daɗe yana cewa matsalar tana wajen aikata abin da aka sani, sanin kansa lafiyarsa lau.

A ɗauki misalin aike. An ba yaro mai shekara 9 kuɗi, an ce ya sayo gishiri da ashana da man gyaɗa, ya biya ta gidan maƙwabta ya karɓo rariya. Ya ji, ya amsa, har ya maimaita. Kafin ya kai bakin titi ya ga ana gyaran babur, ya tsaya kallo. Daga nan ya bi wata akuya da ta tsinke igiya. Da ya isa shago, gishirin kawai ya rage a kansa, sauran sun zube a hanya. Ya tsaya yana juya kuɗin a hannu, ya san akwai saura, ya san abin da ke jiransa a gida. Idan aka ce masa, “Me ya sa ka yi haka?” sai ya ce bai sani ba. Manya sukan ɗauki wannan amsa a matsayin rainin wayo, alhali sau da yawa ita ce iyakar gaskiyarsa.

Binciken ƙwaƙwalwa ya ba wannan bayanin na yaran ƙarfi. A 2007 Philip Shaw da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka sun bi hotunan ƙwaƙwalwar yara 223 masu larurar da wasu 223 marasa ita. Sun ga ɓawon ƙwaƙwalwar yana girma bisa tsari iri ɗaya a rukunonin biyu, sai dai na masu ADHD yana baya da kimanin shekara uku, kuma jinkirin ya fi yawa a gaban kai, inda ake tsara aiki da danne sha'awa. Binciken tagwaye kuma ya nuna gado yana da kaso babba, wajen 74 cikin 100 na bambancin da ake gani tsakanin mutane. Shi ya sa ba wuya a tarar uban da ke faɗa kan mantuwar ɗansa shi ma kullum yana neman makullin motarsa.

Jira wani abu ne da yaran ke kuka da shi sosai. Layi, zaman jiran a zo kansu, darasin da malami ke jan magana, duk suna jin su a jiki kamar ƙaiƙayi. Edmund Sonuga-Barke na Birtaniya ya nuna tun farkon shekarun 1990 cewa irin waɗannan yara sukan zaɓi ƙaramin lada yanzu a kan babba an jima, idan hakan zai rage musu zaman jira. Motsin da ake gani, kaɗa ƙafa, taɓa na kusa, buga biro a benci, wani ɓangarensa dabarar kashe wannan lokacin ne. Abin da ke rikita iyaye shi ne yaron nan da ya kasa minti goma kan aikin gida yakan yi awa biyu bai ɗago kai daga wasan waya ko haɗa motar gwangwani ba. Sai a ce, “Ashe kana iyawa, ba ka ga dama ba ne.” Yaran kuwa suna cewa hankalinsu yana tafiya ne inda abu ya ja shi, ba su ke aika shi ba. Idan abin ya kama shi, cire shi ma wani aiki ne.

Akwai kuma waɗanda ba a jin ɗuriyarsu, da yawansu mata. Yarinya tana zaune shiru a bencin baya, idonta a kan allo, hankalinta ya yi nisa. Ba ta damun kowa, saboda haka ba mai kai ta asibiti. Maza da ake ganowa sun ninka mata sau biyu ko uku, a asibitoci ma fiye da haka. Da yawa daga cikin matan da aka gano larurarsu a makare sun ce sun taso suna ɗaukar kansu daƙiƙai ko malalata, suna wahalar ɓoye cewa ba su bi darasin ba.

Yaro ɗaya, gari biyu

Binciken da ya fi fito da muryar yaran shi ne wanda ake kira VOICES, wanda Ilina Singh ta jagoranta daga Landan da tallafin gidauniyar Wellcome Trust, aka fitar da rahotonsa a 2012. An yi hira da yara 151 masu shekara 9 zuwa 14 a Birtaniya da Amurka. Wasunsu suna da larurar suna shan magani, wasu suna da ita ba sa sha, wasu kuma ba su da ita.

Singh ta lura cewa yadda yaro ke fahimtar larurarsa ya danganta da abin da mutanen wurinsa suka fi sa wa ido. A Birtaniya, musamman a makarantun da faɗa ya yi yawa, yaran sun fi bayyana ADHD a matsayin matsalar fushi. Sun ce 'yan ajinsu sun san suna da saurin hawa, sai su riƙa tsokanarsu da gangan don a sha kallo, idan faɗa ya kaure kuma mai larurar ne ke kwana a ciki, tunda shi aka sani. Wasu sun mai da wannan suna makami, suna tare wa abokansu faɗa da shi. A Amurka kuwa maganar ta fi karkata ga maki da jarrabawa. Yaran sun fi damuwa da faɗuwa a karatu da kunyata iyaye, kuma da yawansu sun ɓoye larurar ko ga abokansu na kusa, don kada a ce ba su da ƙwaƙwalwa. Larura ɗaya ce, alamomi ɗaya, amma wannan yana ganin kansa mugu, wancan yana ganin kansa daƙiƙi.

Wannan ya isa ya sa a yi hattara wajen ɗauko sakamakon wata ƙasa a ɗora wa wata. A ƙasar Hausa mafi yawan irin waɗannan yara ba su taɓa ganin likita kan batun ba, abin da suke ji kullum shi ne ƙiriniya, rashin ji, kunnen ƙashi, shiririta. Inda ake auna tarbiyyar gida da yadda yaro ke zama a gaban manya, kuma yaron ya yi boko da safe ya yi Islamiyya da yamma, duk biyun suna neman ya zauna wuri ɗaya ya yi hadda, to nauyin da zai ɗauka shi ne na zubar da mutuncin gidansu. Bulala takan kawo shiru na ɗan lokaci, sai dai ba ta gyara mantuwa, kuma yaron da ake duka kan abin da bai san yadda zai daina ba yakan koyi ƙarya da ɓuya.

Fushin da yaran Birtaniya suka ambata ba ya cikin alamomi 18 na littafin likitoci, amma masana sun yarda yana tafiya da larurar. An ƙiyasta tsakanin 25 da 45 cikin 100 na yaran suna da wahalar sarrafa motsin rai. Abu kaɗan ya sa su kuka ko tashin hankali, bayan minti kaɗan ya wuce kamar ba a yi ba, sai nadama ta biyo. Yaron ya manta, wanda aka zaga bai manta ba.

Abokai

Idan aka bar yaran su zaɓi abin da ya fi yi musu ciwo, da yawa ba karatu suke fara kawowa ba, rashin aboki ne. Betsy Hoza da abokan aikinta sun buga wani bincike a 2005 kan yara 165 masu ADHD, 'yan shekara 7 zuwa 9, a Amurka da Kanada, inda aka tambayi 'yan ajinsu a asirce wa suke so, wa ba sa so. Kashi 52 cikin 100 na masu ADHD sun faɗa rukunin waɗanda aka tsana, alhali a sauran yara 14 ne kawai cikin 100. Kashi 56 cikin 100 ba su da ko aboki ɗaya da shi ma ya ambace su a matsayin abokinsa. Binciken da aka yi a sansanonin hutu ya nuna ƙyamar takan fara cikin 'yan kwanakin farko na haɗuwa, tsakanin yaran da ba su san komai game da juna ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Yaron yana shiga wasa a tsakiya, yana canza doka, ba ya jiran layinsa, yana faɗin sirrin da aka ce ya riƙe, yana kai wasa inda ya zama duka. Shi kuma sau da yawa bai ga inda ya kuskure ba, abin da ya gani kawai an watse an bar shi. Mafi muni, suna idan ya ɓaci a aji yana da wuyar gyaruwa. Ko yaron ya natsu daga baya, ko da magani ko da horo, 'yan ajin sukan ci gaba da kallonsa da tsohon ido.

A nan akwai wani abu da ke ba masu bincike mamaki. Idan aka tambayi yaran, musamman maza 'yan firamare, yadda suke a karatu ko a cikin abokai, sukan ba kansu maki fiye da wanda malamai suka ba su, kuma sun fi yin ƙari a daidai inda suka fi rauni. Haka ma idan aka auna jin daɗin rayuwa, iyaye sukan ga abin ya fi muni fiye da yadda yaran ke faɗi. Wasu masana na ganin yaran ba sa lura da kurakuransu ne. Wasu na ganin garkuwa ce, kuma suna da hujja mai ƙarfi: a wasu gwaje-gwaje, da aka fara yaba wa yaran, sai suka rage cika baki suka faɗi abin da ya fi kusa da gaskiya. Yaron da ya wuni ana kiran sunansa don gyara ba zai yi saurin ƙara wa kansa wani laifin a gaban baƙo ba.

Magani da suna

A 1937 Charles Bradley, likita a wani gidan kula da yara a jihar Rhode Island ta Amurka, ya ba yara 30 maganin Benzedrine, sai kusan rabinsu suka nuna canji mai yawa a karatu. Yaran da kansu suka sa masa suna ƙwayar lissafi. Maganin da aka fi sani yau, methylphenidate, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Ritalin da Concerta, an haɗa shi a 1944. Yakan fara aiki cikin ƙasa da awa ɗaya, mai gajeren zango ya ɗauki awa uku zuwa huɗu, mai dogon zango ya kai yamma.

Babban tsoron manya shi ne maganin zai mai da yaro gunki, ya kashe masa halinsa. Yawancin yaran VOICES ba su yarda da haka ba. Sun ce maganin yana ba su ɗan sarari su tsaya su yi tunani kafin su yi abu, zaɓin kuma yana nan a hannunsu, har suna iya yin rashin ji da gangan idan sun so. Wannan bai sa sun ƙaunace shi ba. Sun yi kuka da rashin cin abinci, da rashin barci da wuri, da ciwon ciki ko na kai. Wasu sun ce yana sa su yi shiru fiye da kima, abokai su ce sun daina ban dariya. Akwai kuma kunyar a kira mutum daga aji a gaban kowa don ya je ya sha ƙwaya. Ƙorafin da ya kamata likitoci su ji da kyau shi ne na zuwa asibiti: yaran sun ce bayan ganin farko, abin da ake yi kawai a auna nauyi da tsawo, a yi magana da uwa, a rubuta takarda. Kaɗan ne suka ce likita ya taɓa zama ya yi hira da su kan yadda suke ji.

Sunan larurar ma baki biyu gare shi. Wasu yaran sun sami sauƙi da suka ji abin da ke damunsu yana da suna, akwai wasu irinsu, kuma ba mugunta ba ce. Wasu sun ji an yi musu tambari. Da yawa suna jin duka biyun, suna so su gyaru su zama kamar kowa, suna kuma so a karɓe su yadda suke, kuma nazarin Stockholm ya sa wannan ja-in-ja cikin manyan abubuwan da ya gano. Wasu sun amsa cewa sukan fake da sunan idan sun yi laifi, sun kuma san lokacin da suke fakewar. Fitowar sanannun mutane ta rage wa wasu kunya. A 2016, bayan masu kutse sun fallasa bayanan lafiyarta, 'yar wasan motsa jiki ta Amurka Simone Biles ta fito ta ce tana da ADHD, tana shan magani tun tana ƙarama, kuma ba abin kunya ba ne. Irin wannan misali yana da amfani muddin ba a mai da shi wani sabon ma'auni da za a riƙa goranta wa yaro ba.

Ba kowane yaro da aka laƙaba wa sunan ne ya cancance shi ba. Wani bincike na 2018 kan yara sama da 400,000 a Amurka ya duba jihohin da ke yanke shekarun shiga makaranta a 1 ga Satumba. Waɗanda aka haifa a Agusta, wato ƙananan aji, an fi ce musu suna da ADHD da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da na Satumba. Wasunsu ƙuruciya ce kawai. Rashin barci, matsalar ji ko gani, yunwa, tashin hankali a gida, duk suna iya kama da larurar.

Abin da yaran suka ce yana taimaka musu ba shi da tsada. Malamin da ke ba da umarni ɗaya-ɗaya, ya zaunar da yaro a gaba, ya aike shi goge allo ko raba littattafai idan ya ga zaman ya ishe shi, ya yi masa gyara a asirce. Aboki ɗaya da zai ja shi gefe kafin faɗa ya tashi. Uwa ko uba da ke lura da ranar da aka yi daidai. Wasan da ke cin ƙarfi, kamar ƙwallo ko gudu. Ƙa'idojin likitoci a Birtaniya da Amurka ma sun sa horar da iyaye a gaba da magani ga ƙananan yara da ba su shiga firamare ba.

Da shekarun balaga yanayin yakan sauya. Guje-gujen yana raguwa, ya koma rashin sukuni na cikin zuciya, amma mantuwa da rashin tsari suna nan, a daidai lokacin da makaranta ke neman ɗalibi ya riƙe kansa tsakanin malamai da yawa. A wannan gaɓar ce matasa da dama ke daina shan magani, wasu don illolinsa, wasu don su ga ko su wane ne ba tare da shi ba, wasu don tun farko ba a nemi ra'ayinsu ba. Damuwa da baƙin ciki mai tsanani sun fi yawa a cikinsu fiye da sauran tsaransu. Stephen Faraone da abokan aikinsa sun tattara binciken da ya bi yara har girma, suka ruwaito a 2006 cewa a shekara 25 kimanin 15 cikin 100 ne ke cika dukkan sharuɗɗan larurar, amma kusan kashi biyu cikin uku suna da sauran alamomin da ke kawo musu cikas a aiki ko zaman iyali.